Kofin Juma'a A Koriya: Wa Ke Riƙe Da Sikeli?

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai a ƙarshen mako, ba zai rasa ganin wasu 'yan'uwanmu sun haɗa kai bisa wayar hannu guda ba, suna kallon samari da 'yan matan Koriya ta Kudu suna rawa da waƙa, har a ƙarshe a miƙa wa wasu kofi su fashe da kuka. Shirin nan Music Bank ne, wanda gidan telebijin na KBS ke nunawa tun 1998, a yanzu kuma kowace Juma'a. Ba mu ga laifin kallo ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce kofin nan hukuncin jama'a ne.

Bari mu komo tushe. A ƙarshen 1980 gwamnatin Janar Chun Doo-hwan ta ƙwace tashar TBC daga hannun masu ita, ta haɗe ta da KBS. A 1981 KBS ta soma shirin Gayo Top 10, kakan Music Bank, inda ake jera waƙoƙi goma da suka fi farin jini. Wato mutanen da aka hana su zaɓi shugabansu da hannunsu, sai ga shi kowane mako ana sanar da su gwarzon mawaƙinsu! A lokacin kuwa babu waƙar da ke fita sai hukumar tacewa ta sa hannu, kuma ba a daina wannan ba sai 1996. Ashe tun kafin a ɗora kaya bisa sikeli an riga an tsince abin da za a auna.

Masu shirin ma ba su ɓoye hannunsu ba. Da Cho Yong-pil ya yi mako 10 a jere yana kan gaba a 1982, sai aka kafa doka: waƙar da ta yi mako 5 a jere a ba ta kofin zinariya, a sauke ta, ko jama'a sun gaji da ita ko ba su gaji ba. Haka aka yi ta tafiya har 1998, sa'ad da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe aka rufe shirin.

Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci muryar jama'a takan fi ƙarfin masu sikeli. A 1992 alƙalan wani shiri na tashar MBC sun ba Seo Taiji da abokansa maki kaɗan, amma cikin 'yan makonni matasa suka ɗaga su sama, kiɗan ƙasar kuwa bai sake komawa yadda yake ba. Sai dai 'yan jari-hujja sun ɗauki darasi. Suka kafa kamfanonin horar da yara, suka kuma gane cewa ba waƙa kaɗai ake sayarwa ba, har da ƙaunar masoya.

Ga yadda lissafin yake. Ana haɗa makin sauraro ta intanet, da na cinikin faifai, da na ra'ayin masu kallo, da kuma na yawan sa waƙar a tashoshin KBS ɗin kanta. To, faifan nan ba don sauraro ake sayensu ba. Yarinya guda sai ta sayi faifai iri ɗaya jibgi guda, domin ta sami hoton gwaninta a ciki ko ta ci ƙuri'ar ganinsa ido da ido. Mu da muka tashi da jin Zaɓi Sonka a rediyo mun san mai yawan kati shi ake yawan kira, amma ba mu taɓa cewa shi ya fi kowa masoya a gari ba. Makin tasha kuwa ya fi ban tsoro, gama alƙali ne ke ba da maki bisa ga yawan zuwa gidansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mawaƙin da ke son kofi kuwa dole ya amsa kiran tasha.

Kada a ce zargi ne kawai. A watan Mayu na 2022 Lim Young-woong ya fi ƙungiyar Le Sserafim makin intanet da na faifai, amma makinsa na tasha ya fito sifiri, kofi ya tafi ga 'yan matan. KBS ta ce ba a sa waƙarsa a shirye-shiryenta ba cikin kwanakin ƙidaya. 'Yan sanda suka bincika, a 2023 suka ce ba su sami maguɗi ba. Mu ba mu musa ba, kuma wannan ne ya fi damunmu: ba sai an karya doka ba, dokar da kanta ta ba tasha ikon kayar da wanda masu saye da masu sauraro suka fifita. 'Yan matan ba su da laifi, an miƙa musu kofi sun karɓa. Shi kuwa Lim, yana tsaye a gefe bisa dandali ɗaya, ana nuna wa duniya sifirinsa a allo.