Tun Ran Gini Ran Zane: Magana a Kan Sabuwar Hanyar Illela

 Ina so mu yi nazari tare a kan wani al'amari da ya shafi abincin kowane gida a wannan gari namu.

Kun sani a watan Oktoba na shekarar 2024 manyan gwamnati suka taru a nan Illela, aka ƙaddamar da aikin babbar hanya wadda za ta tashi daga bakin iyakarmu da Birnin Ƙonni, ta ratsa jihohin Sakkwato da Kabi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, har ta dire Badagry a bakin teku cikin ƙasar Ikko. Tsawonta duka kilomita 1,068 ne. Kashin farko na cikin Jihar Sakkwato kilomita 120 ne, an ba da shi ga kamfanin Hitech, kuma Ministan Ayyuka, David Umahi, ya bayyana cewa da kankare za a shimfiɗa ta a madadin kwalta. Hukuma da kanta ta ce tunanin wannan hanya tsoho ne, tun zamanin Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983.

Babu mai musun amfaninta. Duk wanda ya taɓa ɗora shanu ko albasa daga kasuwar Lahadi ya nufi Kudu ya san abin da kwana ɗaya na jinkiri ke yi wa dukiya: dabba ta rame, albasa ta ruɓe, riba ta koma bashi. Mun kuma ɗanɗani zaman banza sau biyu, da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Saboda haka murnarmu tana da dalili. Amma abin da nake so mu lura da shi, shi ne ranar biki ba ta nuna ƙarshen aiki. Makomar babban aiki tana yankuwa ne tun wurin awo da ƙiyasi da tanadin kuɗi, kafin a sari ƙasa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma masu binciken ilmin gine-gine, bayan sun ƙidaya ayyuka dubbai, ga wannan magana suka komo.

Akwai wani shehin malami mutumin ƙasar Denmak, sunansa Bent Flyvbjerg, wanda ya koyar a Jami'ar Oksfod ta Ingila. A shekarar 2002 shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike a kan manyan ayyukan sufuri 258 na ƙasashe daban-daban, suka gwada kuɗin da aka ƙiyasta ranar yanke shawara da kuɗin da aka kashe a ƙarshe. Suka iske tara cikin kowane goma sun zarce ƙiyasi. Hanyoyin mota sun zarce da kimanin kashi 20 cikin 100, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da kashi 34, hanyoyin jirgin ƙasa da kashi 45. Daga baya ya tara labarin ayyuka fiye da 16,000, ya ga waɗanda suka ƙare a kan kuɗinsu da lokacinsu ba su kai tara cikin ɗari ba.

Abin mamaki a cikin binciken nan shi ne kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata. Da a ce kuskure ne na gaskiya, da wani ƙiyasi ya yi sama, wani ya yi ƙasa, kamar yadda mai awon hatsi kan cika mudu wani lokaci, wani lokaci ya rage. To, in mudu kullum ragewa yake yi, kowane ɗan kasuwa ya san ba hannu ne ke rawa ba. Malamin ya kawo dalili biyu. Na farko, ɗan Adam yana da kyakkyawan zato ga aikin kansa, yana ganin wahalar da ta sami waɗansu ba za ta same shi ba. Na biyu, mai neman a yarda da aiki yakan rage kuɗin da gangan, domin ya san in an fara ba a iya fasawa. Maganin da ya bayar shi ne a dubi abin da ayyuka masu kama da wannan suka ci a baya, a gina ƙiyasi a kansu, a daɗe wurin shiri, sa'an nan a yi sauri wurin aiki. Gyara a kan takarda araha ne, gyara a kan kankare kuwa sai da rushewa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Masu tarihi sun ruwaito cewa da Halifa Mansur ya yi niyyar gina Bagadaza a shekara ta 145 bayan Hijira, watau 762, sai da ya sa aka zana masa birnin da toka a ƙasa, ya zaga ya ga ƙofofi da hanyoyi, kafin a haƙa harsashi. Sun kuma ruwaito cewa Imamu Abu Hanifa ya tsaya a kan ƙidayar tubali, yana auna shi da sanda. Zane kafin gini, da amintaccen mutum a kan ƙidaya, su ne ginshiƙan nan biyu da injiniyoyi ke karantarwa har yau. Haka kuma duk wanda ya karanta babin ijara a cikin Risala ya san ana son a yanka ajali a ambaci lada, domin jahiltar ɗayansu ita ke haifar da husuma.

In mun juyo gida, ciwon ya fi tsanani. A shekarar 2011 wani kwamiti da Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa, ƙarƙashin Ibrahim Bunu, ya ba da rahoto cewa akwai ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a gama ba, kuma ƙarasa su zai ci naira tiriliyan 7.78 a kuɗin wancan lokaci. Masu bincike a kan jinkirin kwangila a Nijeriya, tun daga shekarun 1990, abubuwan da suke ambata ba su cika sauyawa ba: rashin biyan ɗan kwangila a kan aikin da ya riga ya yi, raunin kula da kwangila, sauya zane bayan an fara, ƙarancin kayan aiki, da tashin farashi. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta hana a ƙulla kwangila sai an tabbata akwai kuɗinta a cikin kasafi. Duk da haka fataken da ke bin Kaduna sun ga yadda hanyar Abuja zuwa Kano ta kasance. An ba da kwangilarta a Disamba 2017 bisa ajalin shekara uku, amma har ƙarshen 2024 ba a gama kashin Abuja zuwa Kaduna ba, sai da gwamnati ta soke kwangilar wannan kashi.

Yadda jinkiri ke cin kuɗi kuwa, ni kaina na gani a ɗan ƙaramin aiki. Wata shekara na fara gina zaure domin almajirai da kuɗin da bai kai rabi ba, ina cewa sauran zai zo a hanya. Bango ya kai kafaɗa, kuɗi suka ƙare, magini ya tafi wani aiki, damina ta sauka a kan ginin da ba rufi. Da kaka ta yi, sai da na biya kuɗin kwashe abin da ya zube, sa'an nan na sayi kaya a sabon farashi. Laifin nawa ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka yake ga gwamnati, sai dai nata asarar da biliyoyi ake lissafa ta. In an tsai da biya, ɗan kwangila ya janye injuna, ruwa ya cinye cikon da aka yi, siminti da rodi su yi tsada kamar yadda suka yi a 2023 da 2024, sa'an nan a dawo a sake ƙiyasi.

Akwai kuma maganar diyya, wadda mutanen ƙasar Sakkwato ba su bukatar a karanta musu ita daga littafi. An gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978. An karɓi gonakin mutane, biyan diyya ya yi ta jinkiri da gardama, manoma suka tare hanyoyin aiki, har a watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda, rayuka masu yawa suka salwanta. Injiniyoyi sun auna ruwa da ƙasa, amma ba a auna haƙƙin masu gona da irin wannan kulawa ba. Sabuwar hanya za ta bi ta gonaki da burtali da makiyaya. Wajibi ne a ƙidaya su, a rubuta sunan mai kowace gona a gaban hakimi da mai gari, a biya kafin katafila ta shiga. Ya kamata kuma a bar mashigar dabbobi da kwalbati a inda garke ya saba ƙetarewa, in ba haka ba hanyar da aka yi domin cinikin shanu ita za ta raba shanu da mashaya.

Game da kankare, yana da kyau mai karatu ya san kaɗan daga halinsa, domin ya gane abin da idonsa ke gani. Kankare ya fi kwalta tsada a farko, amma in an yi shi daidai ya fi ta daɗewa. Sharaɗinsa shi ne ba ya yafe kuskure. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, saboda haka ake son ya zauna da danshi aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A ƙasa irin tamu mai zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu, ruwa na gudu daga sabon kankare da wuri, in ba a rufe shi an riƙa jiƙa shi ba sai ya tsattsage. A ƙa'ida ana ɗibar samfuri daga abin da aka zuba, a kai ɗakin gwaji a matse shi da inji har ya fashe, a rubuta ƙarfinsa. Ƙarƙashin kankaren kuma akwai ciko, wanda ake zubawa hawa-hawa ana daddanne kowane hawa, da magudanan da ke kawar da ruwa daga gindin hanya. Waɗannan duka ɓoyayyu ne ranar buɗe hanya, damina ta uku ko ta huɗu ce ke tona su. Don haka injiniya mai duba aiki, wanda ba ya cin abinci a hannun ɗan kwangila, ya fi kowane inji muhimmanci.

To, ya ku fatake, saura namu rabon, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da shi. Daga 1958 zuwa 1960 aka yi wani babban gwaji a Jihar Ilinoi ta Amurka. Aka shimfiɗa hanyoyi iri-iri, aka sa manyan motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su dare da rana, ana auna lalacewa. Abin da ya fito shi ne ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyinta, tana ninkuwa ne. In an ninka nauyin da ke bisa jerin ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar takan kai kamar sau 16. In an ƙara rabin nauyi kawai, takan kai kamar sau biyar. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodi fiye da kima tana cin hanya fiye da ƙananan motoci dubbai. Mai kaya yana ganin ya tsira da kuɗin mota guda, alhali ya ɗebi bashi ne daga aljihun jama'a, kuma shi ma zai biya da karyewar sifirin da kwanan daji. Wanda ke zargin ɗan kwangila da rage siminti, sa'an nan ya ɗora buhu ɗari a kan ƙa'ida, su biyun tauye mudu suke yi.

Saboda haka ga shawarata. Shugabannin kasuwa da na direbobi da malamai su riƙa zuwa wurin wakilanmu na majalisa da ofishin ayyuka da tambayoyi bayyanannu, cikin ladabi, kuma a rubuce. Wane wata aka yanka domin gama kashin Illela? Nawa aka ware masa a kasafin bana, nawa aka saki? Wa ke duba ingancin aiki, ina sakamakon gwajinsa? Mutum nawa aka biya diyya, nawa suka rage? Wa zai riƙa gyaran hanyar bayan an miƙa ta, da wane kuɗi? Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman irin wannan bayani daga ma'aikatun Tarayya, ba roƙo ba ne. Ɗan kwangila kuma a tuna masa cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mu kuwa mu yarda a kafa ma'aunin nauyi a bakin hanya, ƙungiyoyinmu su fara hana lodin wuce kima tun daga tasha, kafin hukuma ta tilasta mana.

Tunanin wannan hanya ya yi shekara arba'in yana jira kafin a sari ƙasa. In an tanadi kuɗinta, an biya masu gona, an duba aikin da gaskiya, mu kuma mun kiyaye lodi, jikokinmu za su kai dabba teku a kanta. In an bar ɗaya daga cikin huɗun nan, to, za ta shiga lissafin wani kwamiti na gaba.

Allah ya sa a gama lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba mu ikon riƙe tamu. Haza wasalam.

Daga ɗan'uwanku, malamin makarantar allo, Illela.