Araha ba ta ado, ko a sandar sirdin keke

Tun da gwamnatin Borno ta haramta hawa babur a Maiduguri a watan Yulin 2011, keke ya zama dokin talaka. Janye tallafin man fetur a 2023 kuma ya tura ƙaramin ma'aikaci cikin sahun.

Idan sandar sirdi ta lanƙwashe, da yawa sukan shiga Kasuwar Monday su ɗauki mafi araha, mai gyara ya cusa guntun gwangwani don ta zauna. A ganina, wannan asara ce. Kowace sanda da kaurinta, misali milimita 27.2, 30.9 ko 31.6, kuma galibi lambar tana jikin tsohuwar. Siririya za ta riƙa zamewa. Mai kauri kuwa, in aka dage sai ta shiga, tana iya tsaga bututun keken, gyaran da ya ninka kuɗin sandar.

Gara ta gwanjo mai ƙwari da ta yi daidai, da sabuwa mai sheƙi. A duba ko ta tsage, a kuma tabbatar layin iyakarta ya nutse cikin bututun. Ga mai albashin naira 70,000, duk ranar da keke ya kwanta, kuɗin cefane ne zai tafi ga Keke Napep.