Labarin Wata: Jika 20 da Kwana 2 a Yamai

Manoma da makiyaya, ga labarin wannan wata. Labarin wani ɗalibi ne, ɗan manomi daga ƙasar Ɗan Kasari. Ba za a faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ne abin ya taɓa samu ba.

Yaron yana karatu a Doso, a lakkol ta Sarauniya Mangu. Yana aji na ƙarshe, bana zai yi jarrabawar bak. Ranar da ya fara zuwa ya yi murna da sunan lakkol ɗin, domin Lugu, garin Sarauniyar da ta yi yaƙi da Turawa a 1899, cikin ƙasarsu take.

Amma zaman Doso ba zaman gida ba ne. A gidan wani abokin babansa ya sauka. Mutanen gidan Zabarmanci suke yi, shi kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Da asuba yakan ɗebo ruwa, ya share tsakar gida, kana ya tafi lakkol a ƙasa. Wata rana da kumallo, wata rana babu. A aji Faransanci zalla ake yi. Ajinsu ya cika, wanda bai yi sammako ba sai ya zauna can baya. Duk da haka yaron ya dage. Da dare yakan yi bita ƙarƙashin fitilar bakin titi. A lissafi yana cikin na gaba.

Bayan kaka, uban ya kai wake kasuwa ya sayar. Ya aika masa jika 20. Ya ce a biya kuɗin takardun jarrabawa, sauran ya riƙa cin abinci.

Kuɗin sun iso ran Alhamis. Ran Juma'a wani abokinsa ya ce: «Kai, shekara 3 kana Doso ba ka taɓa ganin Yamai ba? Kusan kilomita 140 ne kawai. Mu tafi gobe, mu komo jibi.»

Asabar da safe suka shiga mota. Suka wuce Birnin Gaure. Da suka iso Kure, inda raƙuman dawa suke, yaron ya yi ta leƙe ta taga, bai ga ko ɗaya ba. Kafin azahar suna Yamai.

Gani ya kori ji. Suka fara da gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, mai sunan Bubu Hama. Can ya ga zaki da dorina. Ya ga ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, waɗanda aka tono a Gadafawa cikin jihar Agadas. Malaminsu ya taɓa ba su labarinta, amma sai ran nan ya yarda. Ya ga icen Tenere, wanda ya daɗe shi kaɗai cikin hamada, har mota ta kaɓe shi a 1973.

Daga nan suka shiga babbar kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene. Ita ce ta ƙone a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Nan ido ya rinjayi hankali. Yaron ya ga takalmi mai ƙyalli, ya saya.

Da la'asar suka ƙetare kogin Isa ta kan gadar Kenedi, wadda aka gama a 1970. A ƙetaren ne jami'a take. An kafa ta a 1971. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin da ya yi aiki a kan ƙarfin hasken rana. Can suka kwana wurin wani Ba'are mai koyon ilimin noma.

Da dare ya nuna wa yaron littattafansa. Ya ce a sashensu ana koyon auna ƙarfin ƙasar gona, da zaɓen iri mai saurin nuna, da hana ƙwari cin wake a rumbu. Yaron ya ce: «Yaya, ashe noma ma karatunsa ake yi? Ni ma nan zan zo.»

Ya ce masa: «Ƙanena, ƙofa ɗaya ce, sai ka ci bak. Ka biya kuɗin takardunka?» Yaron ya yi shiru.

Ran Lahadi, maimakon su kama hanya da safe, sai suka tsaya kallon ƙwallo. Motar magariba suka samu. Ba su kai Birnin Gaure ba ta mutu, suka kwana bakin hanya cikin sanyi. Sai ƙarfe 10 na safiyar Litinin suka shiga Doso. Kafin nan an gama gwajin lissafi. Malam ya ba shi sifili. Aljihu kuma saura jika 3, ga ranar rufe karɓar takardu ta matso.

Ya kira gida a waya, ya ce: «Baba, kuɗi sun ƙare.»

To, uban ya yi rani 2 yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ya iya karatu, ya iya lissafi. Bai yi faɗa ba. Ya ce: «Ɗana, rubuto mani abin da ka yi da su, dala bayan dala. Ka ba mai motar garinmu ya kawo.»

Yaron ya kwana bai yi barci ba. Da safe ya rubuta gaskiya: mota zuwa da komowa jika 6, takalmi jika 5, abinci da taksi jika 3, tsohon littafin lissafi jika 2, gidan tarihi da tsarabar masu gida jika 1. Duka jika 17.

Uban ya karanta da kansa, ya ja layi ƙarƙashin takalmi. Ya sake kiransa ya ce: «Littafi na yarda. Ganin jami'a na yarda, da ka tambaye ni da na ba ka guzuri. Amma takalmin nan akuyar uwarka ce za ta biya shi.» Ran kasuwa aka sayar da akuyar, aka biya kuɗin takardu saura kwana 2 a rufe.

Tun daga ran nan, kowane ƙarshen wata yaron yakan aiko da lissafinsa a rubuce. Asabar da Lahadi yana bisa littafin da ya sayo. Takalmin yana cikin akwati, ya ce sai ranar da sakamako ya fito.

Iyaye, tafiya mabuɗin ilimi ce, kada ku hana ƴaƴanku ganin birni. Amma kuɗin jarrabawa ku aika su daban, hannun mai masauki. Na abinci ku aika kaɗan-kaɗan. Ku nemi lissafi a rubuce, ku karanta da kanku. Wanda bai iya ba, ajin yaƙi da jahilci yana jiransa.

Ku kuma ɗalibai, mai zuwa Yamai ran Asabar ya komo Lahadi da hantsi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.