Kili ko akawal, a fara tambayar hali

Duk shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya, sai kakar dillalan dawaki ta kama a Damagaram. Attajirin Zango yana son ɗansa ya bi ayarin Sarki ranar hawan salla. Ma'aikacin gwamnatin da aka yi wa sarauta a garinsu yana jin kunyar a gan shi cikin mota sa'ad da takwarorinsa suke bisa sirdi. Kowa sai ya aika a nemo masa doki, kuma saƙon kusan iri ɗaya ne: a samo dogo mai cikar ƙirji, kili ko akawal ko hurde. Da wuya a ji wanda ya ce a binciko halin dabbar. Bayan salla kuwa sai labari ya bazu a majalisu: wane dokinsa ya yi tutsu a ƙofar fada ya kayar da yaro, na wane ya harbi ɗan kallo har an kwana asibiti, wane kuma ya mayar da nasa kasuwa ya sayar da faɗuwa.

Abin mamaki ne wannan ya faru a ƙasar da ba baƙuwar doki ba ce. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi har da igwa da aka zuba a nan cikin gari, amma duk da haka barade da ƴan lifidi ba su rasa matsayinsu cikin rundunarsa ba. A wancan zamani ran mahayi yana rataye ga halin dokinsa. Dokin da ke firgita da ƙarar bindiga, ko mai turjewa in an ce ya kutsa, kabarin ubangijinsa yake haƙawa. Shi ya sa masu kula da bargar sarki suke sanin kowane doki da uwarsa da ubansa da abin da yake tsoro. Daga yaƙin Tirmini na 1899, inda dawakin Sarki Amadu Kuran Daga suka gamu da bindigogin Faransawa, aikin yaƙi ya ƙare wa doki. Daga baya mota da moto suka karɓe masa tafiya. Abin da ya rage shi ne hawa da sukuwa da hidimar ƙauye, sanin doki kuma ya koma hannun ƴan bargar fada da tsofaffin karkara.

In an zauna da waɗannan mutane, ba da launi suke fara magana ba, da asali suke farawa. Suna yabon ɗan Manga, na wajen Gure da gabas da ita, da jimirin tafiya cikin rairayi da haƙurin ƙishirwa. Ɗan Bahar, wanda ake kawowa daga ƙasar Cadi, shi ne mai tsawo da kwarjini, abin son masu hawa, amma cikinsa babba ne, hidimarsa ma haka. Ɗan Arewa, na wajen Dogon Dutsi, ya yi suna a fagen sukuwa, kuma dokin da aka saba wa tsere ba ya son ganin wani a gabansa. Bagazam na duwatsun Azbin kuwa, labarinsa ya fi ganinsa yawa. Akwai kuma ƙuru, gajeren dokin da ƴan birni ke rainawa, alhali shi ne ke kai mai gari kasuwa ya komo da shi, ya ɗauki yaro ba tare da uwarsa ta dafe ƙirji ba.

Daga nan mai karatu zai gane inda asarar take fitowa. Mutumin da ke son dokin da ɗansa mai shekara 10 zai hau cikin ayari, in ya sayi wanda ya saba da fage, to ya saya wa kansa fitina, domin da dabbar ta ji kakaki da tambari, ta ga dawaki sun zabura, sukuwa za ta tuna. Wanda kuma yake son ya ci tsere, in ya sayi mai sanyin taƙama, zai ce an cuce shi. Dawakin nan biyu babu mai aibi cikinsu, an dai ba kowanne aikin ɗan'uwansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hausawa na cewa hali zanen dutse. A wajen doki maganar ba ta cika ba, domin rabin abin da ake kira mugun hali a gidan mai shi ake koyonsa. Doki dabba ce da aka halitta don ta yi kiwo sa'o'i 14 zuwa 16 a yini tana tafiya, cikinta ƙarami, tana ci kaɗan-kaɗan. A birni sai a ɗaure shi a turke da dabaibayi wata da watanni, a cika masa gero don ya yi sheƙi, a rage masa harawa saboda tsada, babu mai fita da shi kilisa tunda maigida yana biro ko yana kanti. Ranar salla a ɗora masa sirdi da jalala, a sa masa linzami mai kaifi, a ba wanda bai iya ba ƙaimi. In ya yi tutsu sai a ce mahaukaci ne. Ga shi kuma al'adar ƙasar nan ba ta son hawan dandaƙaƙƙen doki, goɗiya kuwa ta haihuwa ce a ƙauye. Ke nan ayarin hawa taron ingarmu ne zalla, kowane yana jin kansa, kuma wanda bai saba da cunkoso ba cizo da harbi ne gaisuwarsa.

Ba a nan kaɗai ake wannan muhawara ba. A ƙasar Wels, yammacin Ingila, akwai wani doki da suke kira kob, mai kauri da gajerun ƙafafu masu ƙarfi, wanda manoma suka daɗe suna noma da shi, su ja amalanke, su kuma hau shi zuwa kasuwa. Masu shi suna yabon jimirinsa da ƙarancin cinsa, suna kuma gargaɗin cewa yana da wayo da zafin rai, in ya lura mahayinsa sabon shiga ne sai ya raina shi. Abin koyi a wajensu shi ne tun 1901 suka kafa ƙungiyar masu kiwonsa, suka buɗe littafin asali, suka kasa dawakin kashi huɗu bisa tsawo da ƙira. Kashi na huɗu shi ne babban kob, wanda ya haura santimita 137. Mai saye yana iya bin sunan uwa da uba har kakanni, ya tambayi yadda zuriyar take. Yawancin dawakin da talakawansu ke hawa kuma goɗiyoyi ne da dandaƙaƙƙu, ingarma sai gwani.

A Damagaram babu irin wannan littafi, saboda haka sai mai saye ya zama littafin kansa. Kada ya sayi doki a rana ɗaya. Ya je ya gan shi a turke da safe kafin a motsa shi, ya ga yadda yake karɓar mai ba shi abinci, ko yana kwantar da kunne in an matso. Ya sa a ɗaga masa ƙafafu huɗu, a shafa bayansa ko akwai mikin sirdi. Ya duba baki: haƙoran gaba na dindindin suna fitowa a shekara 2 da rabi, na gefensu a 3 da rabi, na kusurwa a 4 da rabi, kuma doki ba ya cika baki sai ya kai 5. Duƙushin da bai cika baki ba, ba na yaro ba ne. Ya sa mai shi ya fara hawa a gabansa, sannan a ratsa da dabbar inda motoci da ƴan kabu-kabu ke kai da kawowa, a kuma kaɗa ganga kusa da ita. Dillalin da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa. A yi ciniki gaban shaidu, domin fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da dabbar da aka ɓoye masa aibinta.

Sannan ya yi lissafin da ma'aikaci yake yi kafin ya ɗauki bashi. Dokin da ya kai kilo 300 yana buƙatar wajen kilo 6 na busasshen abinci kullum, mafi yawansa harawa da ciyawa, ga dusa, ga kanwa, ga ruwa lita 30 ko fiye da bazara, ga albashin ɗan barga da kuɗin likitan dabbobi. Hawa sau biyu ne a shekara, ci kuwa kwana 365. Wanda aljihunsa ko lokacinsa bai kai ba, aro ko haya ya fi masa mutunci da ya bar dabbar Allah tana ramewa a turke.

Saura magana ɗaya ga hukuma. Dawakin ƙwarai suna ƙetarawa ta kasuwannin iyaka irin su Maigatari zuwa bargogin sarakuna da attajiran Najeriya. Ciniki halal ne, amma in ingarman kirki ya tafi ba a san ƴaƴan da ya bari ba, iri ne yake ɓacewa. Fada da ma'aikatar kiwo da masu shirya sukuwa suna iya haɗa kai su buɗe littafi ɗaya, a rubuta sunan kowane doki da uwarsa da ubansa da garin da aka haife shi, tun tsofaffin da suka haddace wannan sani suna raye. Kuɗin takarda da alƙalami bai kai na jalala ɗaya ba.

Allah ya kai jama'a salla lafiya, ya sa kowane mahayi ya sauka da ƙafafunsa.