Wa Ya Ce Sabo Ne? Magana Kan Furojek Ɗinmu Na Gyaran Sauti

Lokacin kare furojek ya ƙarato, kuma duk wanda ya leƙa sashen lantarki a kwanakin nan zai sha warin dalma da kukan lasifika. Bana ma, kamar bara, akwai masu haɗa amfilifaya, akwai masu na'urar hana lasifika kuka, akwai masu abin rage hayaniya a makirfo. Ayyuka ne masu kyau, ban raina ko ɗaya ba. Abin da ke damuna kalma ɗaya ce da muke saurin maƙalawa a babin farko: "sabo". Wani ya ce aikinsa shi ne irinsa na farko a Najeriya, wani ya ƙara gishiri ya ce a duk Afirka, sai kuma ka ji ana zuga shi ya tafi Abuja ya karɓo takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ake ce wa fatent. 'Yan'uwa, mu ɗan dakata tukuna.

Dokar da ke kula da wannan harka a ƙasarmu ita ce ta haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970. Sharuɗɗa uku ta gindaya: abu ya zama sabo, ya zama an yi amfani da basira wajen samar da shi ta yadda ba duk ma'aikacin fannin ne zai hango shi kai tsaye ba, sannan ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. To amma "sabo" a bakin doka daban yake da "sabo" a bakinmu. Doka ta ce duk abin da jama'a suka riga suka samu labarinsa, a ko'ina a duniya, a kowane zamani, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, ya shiga cikin ilimin da ya rigaya. Idan wani ya bayyana dabarar a wata mujalla a Jamus tun kakanninmu na yara, ta tsufa, ko da ba wanda ya taɓa ganin ta daga Sakkwato har Illela.

A fannin gyaran sauti kuwa, an daɗe ana shan gabanmu. A 1927 wani injiniya a kamfanin Bell na Amurka, Harold Black, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson, ya zana wata dabara a jikin jarida. Cewa ya yi a ɗebi kaɗan daga abin da amfilifaya ta fitar, a juya shi, a mayar da shi mashiga, sai kuskuren ya riƙa cinye kansa, murya ta fito tas. Ya nemi takarda a 1928, ba a ba shi ba sai 1937, don masu dubawa sun daɗe ba su yarda abin zai yi aiki ba. Yau kusan duk amfilifayar da ke kiran salla ko tallar magani a kasuwar Illela da wannan dabarar take aiki. Shi kuma Paul Lueg, Bajamushe, a 1936 ya samu takarda a Amurka kan kashe ƙara da ƙara: makirfo ya ɗauki hayaniya, na'ura ta fitar da kishiyarta, su haɗu su kashe juna. Abin da ake tallata mana ke nan a abin sauraro na kunne kamar jiya aka gano shi. Maɓallin nan da ke ƙara wa rediyo kauri idan an rage murya, ya samo asali ne daga awon da Fletcher da Munson suka buga a 1933, wanda ya nuna kunnen ɗan'adam ba ya jin sauti mai kauri sosai idan murya ta yi ƙasa. Hatta kukan lasifika, wanda ya fi komai cin ranmu a wurin wa'azi da ɗaurin aure, tun shekarun 1960 Manfred Schroeder ya nuna cewa idan aka ɗan gusar da sautin kaɗan kafin ya fita, kukan ba ya samun wurin tsayawa.

Wani zai ce, to ai shi ke nan, idan ba sabo ba ne ofishin Abuja zai ƙi. A nan fa gizo ke saƙar. Magatakardan da ke rajista, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, ba ya binciken sabunta. Takardu yake dubawa: an cika fom? An biya kuɗi? An sa bayani da zane? Idan sun cika sai ya bayar. Sashe na 4 na dokar ya faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da an lamunce masa ingancinta ba. Wato kana iya rataye takarda mai hatimi a falo, a yi maka hoto, a sa ka a rediyo, ranar da ka kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya don ya kwaikwayi kayanka, lauyansa ya zaro takardar Black ko ta Lueg, kotu ta soke taka. Ka yi asarar kuɗin rajista, da kuɗin da ake biya duk shekara, da kuɗin lauya, ga kunya. Kuma mai kuɗin da ka ja ya zuba jari saboda ya ga hatimi, da wane ido za ka dube shi?

Ni ɗan Garu ne, a bakin iyaka na tashi, shi ya sa wani ɓangare na wannan magana ke ba ni dariya da takaici tare. Takardar Najeriya a shingen Illela take tsayawa. Da ka taka zuwa Ƙonni, tafiyar da ba ta kai ka gaji a kan babur ba, ka shiga wata duniyar doka. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, mu kuma ba ma ciki. Mai gyaran rediyo a Ƙonni zai iya buɗe akwatinka, ya ƙera irinsa, ya sayar a can, ba abin da takardarka za ta yi masa, sai dai in ka nemi tasu a cikin wata 12 daga ranar da ka shigar da taka, kamar yadda yarjejeniyar Paris ta tanada. Amma shi ilimin da ya rigaya babu jami'in kwastan da ke tare shi. Abin da wani makaniki ya ƙera ya yi shekaru yana sayarwa a kasuwar Ƙonni ko Maraɗi zai iya kashe maka "sabon" naka a Abuja.

Akwai kuma masu yanka kansu da kansu. A ce Allah ya ba ka abin da gaske sabo ne. Murna ta ɗebe ka, ka ɗora bidiyo a TikTok da Facebook kana nuna cikin akwatin waya-waya, ka kare shi gaban jama'a, kwafin rahoton ya shiga laburare. Duk wannan bayyanawa ce, kuma bakinka ma yana cikin ilimin da ya rigaya. A Amurka suna yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara guda bayan ya bayyana abinsa. Mu namu uzurin siriri ne ƙwarai: wata 6, shi ma sai in a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi ka nuna. Baje kolin sashe na makon ɗalibai ba ya ciki. Kuma a dokarmu wanda ya riga kai takarda shi ake fara kallo a matsayin mai abu.

Kada a ce ina sare wa mutane gwiwa. Wallahi ni gani nake wannan tsohon ilimi ganima ce gare mu. Takarda shekara 20 take yi ta mutu, kuma sharaɗin bayar da ita shi ne mai ita ya bayyana yadda ake ƙera abin dalla-dalla. Dabarar rage shuu ɗin kaset da Ray Dolby ya fito da ita a shekarun 1960, da dubban irinta, duk suna nan da zanensu a Google Patents da Espacenet da Patentscope, kyauta, sai kuɗin data. Ka ɗauka, ka ƙera, ka sayar, ba mai tuhumar ka. Abin da ba ka da dama kawai shi ne ka ce kai ka fara.

Sannan karatunsu ne ke nuna maka inda gurbi ya rage. A 2014 kamfanin Bose ya kai Beats ƙara kan fasahar rage hayaniya, suka sasanta a shekarar. Ba a kan tunanin Lueg suka yi faɗa ba, wannan na kowa ne. A kan ƙananan hanyoyin aiwatarwa suka yi. Namu gurbin ma ina jin a irin nan yake: amfilifayar da za ta riƙe murya yayin da janareta ke hawa da sauka ko batirin sola ya fara sanyi, makirfon da ƙurar hunturu ba za ta shaƙe shi ba, lasifikar ƙaho da za ta yini a ranar bazara a kara ranar Lahadi, ana cinikin shanu, ba ta dushe ba. Ban ce waɗannan sababbi ba ne, su ma sai an bincika, kuma ɗauko tsohon abu ka kai shi sabon gari kawai ba ya cika sharaɗin basira. Amma wanda ya san zafin Illela ya fi injiniyan da ke zaune a Turai damar gano abin da aka manta.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu da malamanmu. Babi na biyu na furojek, wanda yawancinmu ke cikawa da abin da aka kwafo daga na 'yan bara, a wajabta sa aƙalla takardun haƙƙin ƙirƙira uku mafi kusa da aikin ɗalibi, da lambobinsu da shekarunsu, ya faɗi abin da nasa ya bambanta da su a layi biyar. In babu bambanci, ya rubuta cewa ya sake ƙera abin da ke akwai da kayan da ake samu a nan, a ba shi makinsa cikakke. Idan kuma malami ya ga ƙamshin sabon abu, a kare wannan aikin a ɗaki a rufe, a jinkirta kai shi laburare, a haɗa ɗalibin da hukumar NOTAP, wadda ke taimaka wa masu bincike a makarantu wajen shigar da takardunsu. Ita kuma ƙungiya ta nemi a ware mana yini ɗaya a ɗakin kwamfuta tun farkon zangon farko, kafin a raba batutuwa, a koya wa 'yan aji ɗaya da ke tafe yadda ake wannan bincike.