Ka canza hoto kawai, adireshinka ya ɓace: laifin waye?

Wani mai bibiyar shafin nan ya turo min ƙorafi: ya shiga wata manhaja ya canza hotonsa, da ya dawo sai ya tarar adireshinsa ya goge. Ya ɗauka kutse aka yi masa. Ni kuwa na fi zargin wanda ya rubuta manhajar.

Duk lokacin da ka danna maɓallin ajiyewa, wayarka tana naɗe bayananka cikin rubutu, galibi a tsarin JSON, ta tura wa saba. Suna da gurbinsa, lambar waya da nata. Rigimar tana kan gurbin da ba dole a cike ba. Ana iya cire shi gaba ɗaya daga saƙon, ana iya tura shi da kalmar null, ana kuma iya sa masa sifili ko a bar shi fanko. A ido duk "babu" ne, amma a wurin saba ba haka ba ne. A ƙa'idar JSON Merge Patch, in ba a ambaci gurbi ba, ma'anarsa "kar ka taɓa". In aka turo null, ma'anarsa "goge shi".

To ga inda ake tafka kuskuren. Masu rubuta manhaja da Java suna yawan amfani da Gson ko Jackson wajen wannan naɗin. Gson, in ba a canza masa saiti ba, tsallake null yake yi. Jackson kuwa rubuta shi yake. Da Jackson, adireshin da ba ka taɓa ba zai iya tafiya a matsayin null, saba ta share shi. Da Gson kuma, kai ne kake son gogewa amma saƙon ba ya isa, sai ka ga tsohon adireshi ya ƙi tafiya.

Har Google sai da suka sha wannan. A proto3 na Protocol Buffers da ya fito a 2016, lambar da ba a cike ba sifili ake karanta ta, babu yadda za ka bambance. Ka yi tunanin farashin kaya: mai shago bai sa ba tukuna, manhaja ta nuna 0. Sai a 2021, a sigar 3.15, suka dawo da optional.

Wasu za su ce cire gurbin yana rage cin data. Gaskiya ne, amma 'yan haruffa ne fa, ba su kai a yi wasa da bayanan mutane ba. A ganina dole mai manhaja ya rubuta ma'anar kowane gurbi in babu shi, ya gwada kafin ya saki.

Kai kuma mai waya, kafin ka gyara bayananka, musamman a manhajar banki ko fom ɗin makaranta, ɗauki hoton allon. In ka ajiye, fita ka sake shiga ka duba gurbi-gurbi.