Boga a Gida: Kwalaben Kanti Ne Ke Cinye Kuɗin Cefane

A gidaje da dama na Kurmin Mashi a Kaduna, haka ma maƙwabtanta irin su Badiko da Unguwar Sanusi, an samu sabon abin jayayya tsakanin maigida da uwargida. Yara sun ga boga a waya, ko sun ɗanɗana ta a wani gidan abinci a cikin gari, sun dawo sun tasa iyaye a gaba. Uwargida ta ce a bari ta haɗa a gida, ai ya fi sauƙi. Maigida ya bayar da kuɗi, aka dawo da leda cike da kwalabe, da ya buga lissafi sai ya ga abin da aka kashe ya isa cefanen kwana biyu ko uku, ya ce ba a sake ba. Kowannensu yana da rabin gaskiya. A ganina, boga ta gida ba almubazzaranci ba ce, kuma yin ta a gida kaɗai ba ya sa ta yi araha. Abin da ke raba gardamar shi ne inda aka sayo kayan: kasuwa ko kanti.

Ba sai an tunatar da kowa halin da aljihu ke ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin shekarar, komai ya tashi. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kaduna ta sa nata 72,000, amma ɗan keke da tela da mai shago ba su da wani albashi da za a ɗaga musu. Sai dai tsadar ba kai ɗaya ta hau kaya ba. Abin da aka noma ko aka kiwata a nan, kuɗin mota da rashin tsaro a gonaki da hanyoyi ne suka ɗaga shi, kuma yakan sauka idan kaka ta yi. Abin da ke da alaƙa da dala kuwa, idan ya hau da wuya ya sauko.

A ɗauki boga a buɗe ta, za a ga kasuwanni biyu a cikinta. Nama, albasa, tumatir, kabeji ko latas, ƙwai da man gyaɗa duk na gida ne. Yankan cukun Turawa da ke cikin leda, da kwalbar bama, da ta miyar tumatir mai zaƙi, da burodin nan zagayayye mai riɗi a kai da ake sayarwa a manyan kantuna, yawancinsu daga waje suke, ko kuma an haɗa su a nan da kayan da aka shigo da su. Kuma ba farashinsu kaɗai ne matsala ba, yadda ake sayar da su ne. Mahauci zai yankar maka naman duk kuɗin da kake da shi, mai kayan miya a Bakin Dogo ko kasuwar Kawo ta ranar Talata zai kasa maka tumatir daidai aljihunka, ka yi tayi, ya ce albarka, ku daidaita, har ya ƙara maka gyara. Kanti kuwa babu tayi, babu gyara, kuma ba ya sayar da cokali biyu na bama. Galibi sai ka ɗauki kwalba sukutum. Da an buɗe ta sai firji, firji kuma sai da wuta, kuma kowa ya san yadda wuta take a unguwanninmu. Ragowar da ta lalace bayan mako guda ita ma kuɗin cefane ce, sai dai ba wanda ke sa ta a lissafi.

To idan aka ajiye kwalaben, me ya rage? Rabin kilo na tsoka mai ɗan kitse, a kai wa mai injin niƙa, ko a daddatsa ta da wuƙa a kirɓa a turmi kamar za a yi dambun nama. A goga albasa a ciki, a sa gishiri, da citta da masoro, da ɗan garin ƙuli-ƙuli, a fasa ƙwai ɗaya don ya kama jiki. A mulmula, a danne da tafin hannu ya yi faɗi, a ɗan lotsa tsakiyarsa da yatsa don kada ya kumbura a wuta, sannan a ɗora a kasko mai zafi da ɗan mai kaɗan. Kada a riƙa danna shi da cokali, ruwan naman ne ke tsiyayewa, kuma a bari ya dahu har ciki domin niƙaƙƙen nama ba a cin sa da ja. Rabin kilon nan zai ba da guda biyar masu kauri, idan aka haɗa da dafaffen wake da aka murƙushe ya ba da bakwai ko takwas. Burodin shagon unguwa ko gurasa, yankan tumatir da albasa da kabeji, a barbaɗa yajin tsire. Duk abin da ya ragu a kayan nan gobe zai shiga miya, babu abin zubarwa.

Wani zai ce, ana fama da tuwon dare wa ke zancen boga? Magana ce mai nauyi, kuma gidan da ba ya iya sayen nama ko sau ɗaya a mako, wannan rubutu ba nasa ba ne. Nasa yana wuyan masu mulki. Amma akwai dubban gidaje a tsakiya, na malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda yaransu za su ci abin nan ko ana so ko ba a so. Idan ba a yi a gida ba, kuɗin makaranta ko na Sallah za su tara su kai gidan abinci, inda a farashin guda ɗaya ake biyan hayar shago da man janareta da albashin ma'aikata da kwalin da aka naɗe ta. Masu cewa ba abincinmu ba ne kuma, sai su dubi teburin mai shayi. Burodi da ƙwai, burodi da ƙosai, burodi da tsire, gurasa da nama: mun daɗe muna cusa abu a tsakiyar burodi muna ci, ba Amurka ta koya mana ba.

Hujjar masu suka da ta fi ƙarfi ita ce ta burodi, domin shi ma ɗan dala ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Najeriya ke ci shigo da ita ake yi, abin da ake nomawa a Kadawa da Haɗeja bai kai ko'ina ba, shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya taɓa har mai gidan burodin unguwa. Wannan gaskiya ne, amma burodi ana sayen sa daidai buƙata, a cinye a ranar. Akwai kuma kuɗin gas ko gawayi, da wahalar uwargida wadda maza kan manta da ita idan suna lissafi, kamar lokacinta kyauta ne. Soya nama biyar a kasko dai bai kai dahuwar wake cin wuta ba, aikin kuma 'yan mata da samarin gidan da suka nemi abin su ya kamata su yi shi. Mai son ci shi ne mai yanka albasa.

Don haka maigida, kada ka hana, kada kuma ka miƙa kuɗi a tafi kanti. Uwargida, ki rubuta abin da ake buƙata kafin a fita, ki soke duk wanda ba za a cinye shi cikin kwana biyu ba, a yi sau ɗaya ko biyu a wata, a ranar da dama an yi niyyar sayen nama. Idan yara suka ce ba ta yi ɗanɗanon ta shago ba, a gaya musu kuɗin kwalbar bama, a tambaye su ko za su yafe naman miyar gobe.